Daga Windhoek Zuwa Bakin Teku: Wa Ke Biyan Kuɗin Ruwan Yuraniyom?

Mutanen Agadas da Arlit sun haura shekara hamsin suna zaune a kan yuraniyom, kuma har yau gardamar da aka fi yi a kansa ta kuɗi ce: nawa Faransa ta kwasa, nawa ta bar wa Nijar. Gardama ce mai tushe, sai dai ta rufe wata da ta fi ta nauyi, wato ta ruwan da ake wanke dutsen da shi kafin ya zama abin sayarwa. Wannan ne ya sa na nufi Namibiya, ƙasar da ke bin bayan Kazakistan da Kanada wajen fitar da yuraniyom a duniya, kuma ƙasar da ke haƙo shi a hamadar da ta fi ta Ayar ƙarancin ruwan sama. A can ne kamfanin Faransa ɗin nan da muka sani a Arlit, wanda a da ake kira Areva yanzu kuma Orano, ya gina matatar da ke raba ruwan teku da gishirinsa. Abin da hanya ta tabbatar mini, kuma shi zan kare a nan, shi ne cewa duk wanda ya zo haƙar ma'adini a hamada wajibi ne ya zo da ruwansa, ya biya cikakken kuɗinsa, makullin famfon kuma ya zauna a hannun masu ƙasa.

Daga Kano hanya mafi sauƙi ita ce ta Addis Ababa, a sauya jirgi a miƙe kudu. Batun biza da katin rigakafin shawara a gama shi tun daga gida, a huta. Filin jirgin Hosea Kutako yana da tazarar kilomita 45 gabas da Windhoek, babban birnin ƙasar, kuma tun daga wannan 'yar tafiyar baƙo zai fara mamakin inda mutane suka shiga. Ƙasar ta kusa kai Nijeriya faɗi, amma ƙidayar 2023 ta samu mutum miliyan uku da 'yan kai, wato ba su kai jama'ar birnin Kano da kewaye ba. Windhoek na zaune a kan tudu, kimanin mita 1,700 sama da teku, kuma lokutansu sun saɓa da namu: sa'ad da damina ta kankama a Katsina, a Yuni da Yuli, su sanyin hunturu ne ke kaɗa su, har mutum ya nemi bargo biyu da dare. Kuɗinsu dalar Namibiya ce, darajarta ɗaya da rand na Afirka ta Kudu, ana karɓar kowanne a kasuwa. Wanda ya canzo naira ko sefa zai ji nauyin abin tun daga kuɗin motar da za ta kai shi gari, domin ƙasa ce mai tsada, mafi yawan kayan kanti kuma daga Afirka ta Kudu ake shigo da su.

A masaukin baƙi na Windhoek, abin da ido ke fara cin karo da shi a banɗaki shi ne takardar roƙon a taƙaita wanka. Ba rowa ce ta mai gida ba. Birnin ya daɗe da sanin cewa ruwan da yake da shi bai ishe shi ba, har ta kai tun 1968 aka buɗe matata a Goreangab wadda ke karɓar ruwan da ya fito daga magudanar gidaje, ta tsarkake shi mataki bayan mataki, a gauraya shi da na madatsun ruwa a mayar famfo. Ita ce ta farko a duniya da ta yi haka, kuma an gina sabuwa a 2002. Bahaushe zai iya yamutsa fuska da jin wannan, amma ruwan famfon Windhoek ana shan sa kai tsaye, alhali a unguwanni da yawa na garuruwanmu famfon ya bushe tun da daɗewa, sai 'yan garuwa da rijiyar burtsatse da ruwan leda. Bambancin yana cikin lissafi. Su sun ɗauki ruwa abin ƙirgawa, kowane gida da mitarsa, wanda ya sha da yawa kuɗin litarsa ya hau. Mu kuwa mun ɗauke shi kyautar da ba ta ƙarewa, kowa ya haƙa inda ya ga dama, ba wanda ya san nawa ya rage a ƙasa. Ƙasar da ta saba ƙirga ruwan wankan baƙo ba za ta bar kamfani ya sha nasa babu awo ba.

Wanda ke son ganin jama'ar gari sai ya shiga Katutura, unguwar da gwamnatin wariyar launin fata ta tilasta wa baƙaƙe komawa a ƙarshen shekarun 1950. A kasuwarta ake gasa kapana, naman shanu da ake yanka ƙanana a kan wayar gashi, a barbaɗa gishiri da yaji, a ci a tsaye tare da wani soyayyen fulawa mai kama da fanke. Masu gashin sukan miƙo wa mai wucewa yanka ɗaya ya ɗanɗana kafin ciniki, kamar yadda mai balangu ke yi a Zariya. Nama a can ya fi araha a kan ganye da 'ya'yan itace, domin ƙasar kiwo ce. Musulmi kaɗan ne, don haka sai an tambayi yadda aka yi yanka, kuma masallatan birnin kan nuna wa baƙo mahautan da zai natsu da su. Abin da ya fi kwantar da hankalin ɗan ƙasar Hausa shi ne gero. Mutanen arewacin Namibiya suna noma shi, suna kiran sa mahangu, suna tuƙa tuwonsa, suna dama wani abin sha mai ɗan tsami da shi wanda ɗan'uwan kunu ne. Gaisuwarsu ba ta kai tamu tsawo ba, amma ba sa fara magana da baƙo sai sun gaishe shi, kuma suna girmama dattijo.

Daga Windhoek zuwa Swakopmund kimanin kilomita 360 ne, kuma ƙananan bas-bas na haya suna yin ta a awa huɗu zuwa biyar. Ana tuƙi ta hannun hagu. Ana fara bin titin arewa zuwa Okahandja, garin da kaburburan sarakunan Herero suke, mutanen da Jamusawa suka yi wa kisan kiyashi tare da Nama tsakanin 1904 da 1908. Nan matafiya ke tsayawa sayen busasshen naman da suke kira biltong, wanda ya fi kilishi kauri, ba a kuma shafa masa labu. Daga nan hanya ta juya yamma ta ratsa Karibib mai dutsen ado da mahaƙar zinariya, ta gangara Usakos, tsohon garin jirgin ƙasa. Kwalta ce lafiyayya, babu ramuka, babu shingaye bi da bi, har mutum ya tuna da titin Tawa zuwa Arlit, wanda aka shimfiɗa domin yuraniyom ya kuma ragargaje yana ɗaukar sa. Sai dai dama da hagu waya ce ta shinge ba iyaka, manyan gonakin kiwo ne da yawancinsu ke hannun tsiraru tun zamanin mulkin mallaka. Babu Bafillace da garkensa, babu kasuwar bakin hanya, babu yara masu tallar gyaɗa. Kyawun titi bai ɓoye cewa rabon ƙasa bai daidaitu ba.

Bayan Usakos itatuwa sukan fara gajarta, ciyawa ta yi ta raguwa har ta ɗauke, dutsen Spitzkoppe ya bayyana can nesa ta hannun dama, sannan a shiga fili na tsakuwa da duwatsu masu launin toka. Hamadar Namib ke nan. Abubuwa uku ne ke raka matafiyi a wannan yanki: layin dogo, turakun lantarki, da wani ƙaton bututu da ke kwance a kan ƙafafun kankare yana tahowa daga bakin teku. Wannan bututu shi ne jijiyar yankin baki ɗaya. Yana kai ruwa garin Arandis, wanda aka gina a shekarun 1970 domin ma'aikatan mahaƙar Rössing, kamar yadda aka gina Arlit domin ma'aikatan mahaƙar Somair. Garuruwan biyu haihuwar rami ɗaya ce, kuma dukansu sun ɗanɗana abin da ke samun gari idan farashin yuraniyom ya faɗi: a sallami ma'aikata, kantuna su rufe, matasa su watse. Abin da ya ɗan tallafi Arandis shi ne makarantar koyon sana'o'in ma'adinai da aka kafa a can, wadda ke yaye masu walda da kanikawa da masu aikin lantarki. Ma'aikata da yawa kuma a Swakopmund suke kwana, da asuba za ka ga jerin bas suna hawowa da su cikin rigunan aiki masu ƙyalli.

Ramin Rössing ya fara aiki a 1976, kuma yana cikin buɗaɗɗun ramukan yuraniyom mafi daɗewa a duniya. Tsawonsa ya kai kilomita 3, faɗinsa kilomita ɗaya da rabi, zurfinsa ya doshi mita 400, an sassaƙa bangonsa hawa-hawa yana zagayawa har ƙasa. Daga baki, tifofin da ke ɗaukar tan 180 sai ka gan su ƙanana suna rarrafe, suna kama wayar lantarki ta sama domin hawan gangara. Ana huda dutsen, a cusa nakiya, a fasa, katafila ta loda, a kai injin niƙa. Abin lura shi ne dutsen matalauci ne ƙwarai: a cikin tan guda, yuraniyom ɗin da za a samu bai wuce giram 300 ba, alhali na Arlit ya ninka haka sau da yawa. Ma'ana sai an niƙe tsauni kafin a cika 'yan durom. Kamfanin Rio Tinto ne ya riƙe mahaƙar tun tana ƙarƙashin mamayar Afirka ta Kudu, duk da dokar da majalisar kula da Namibiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 1974 ta hana kwasar arzikin ƙasar, har ya sayar da kasonsa na kusan kashi 69 cikin 100 ga wani kamfanin gwamnatin Sin a 2019. Kudu da nan, ƙetaren kogin Khan, akwai Husab wadda ta fi girma, ita ma ta Sinawa, ta fara fitarwa a ƙarshen 2016. Can gaba kuma Langer Heinrich ce ta wani kamfanin Ostareliya, wadda ta tsaya a 2018 ta dawo a 2024.

Duk wannan aiki ruwa ne ke tafiyar da shi. Niƙaƙƙen dutsen sai an kwaɓa shi ya zama taɓo, a zuba masa asid ya narkar da yuraniyom, a tace, a sake tacewa, har a samu garin nan mai launin rawaya, a gasa shi a ɗura. Taɓon da ya rage ana tura shi ta bututu zuwa wani makeken tafki, kuma duk da cewa ana maido da fiye da rabin ruwan a sake aiki da shi, rana da iska suna shanye sauran. Ga kuma yayyafin da ake yi wa hanyoyin rami domin kwantar da ƙura. Kowace mahaƙa tana shan miliyoyin kubik mita a shekara, kubik mita guda kuwa lita dubu ce. Shekara da shekaru ana ɗebo wannan ruwa daga ƙarƙashin busassun koguna biyu, Omaruru a arewa da Kuiseb a kudu, inda yashi ke ɓoye abin da ambaliya ta kawo daga tuddai sau ɗaya a shekaru. Daga nan ne kuma Swakopmund da Walvis Bay da Henties Bay ke sha, haka ma mutanen Topnaar da ke kiwon awaki a bakin Kuiseb. Da aka shiga rububin yuraniyom a wajajen 2007, ya bayyana cewa abin da ake zuƙa ya fi abin da ke komawa, rijiyoyi suna ta yin ƙasa. Ko dai a hana sababbin ramuka, ko a nemo ruwa daga wani wuri.

Ana saura 'yan kilomita a isa Swakopmund sai zafi ya yanke, wani farin hazo mai laima ya rufe hanya, direba ya kunna fitila da rana tsaka. Igiyar ruwan sanyi ta Benguela da ke tahowa daga kudu ita ce ke haifar da wannan hazo, ita ce kuma ke hana hadari haɗuwa, shi ya sa garin ba ya samun ko milimita 20 na ruwan sama a shekara. Jamusawa ne suka kafa shi a 1892, kuma har yanzu gine-ginensu na nan da hasumiyar jiragen ruwa da gadar da ta kutsa cikin teku. Masauki a tsakiyar gari yana da tsada, ya fi tsada a Disamba lokacin da mutanen Windhoek ke gudowa daga zafi, amma a unguwar Mondesa ana samun ɗaki mai sauƙin kuɗi da abincin gida. Masu masaukin suna da tsabta da cika alkawari, sai dai karɓar baƙonsu ta ciniki ce, komai da farashinsa a rubuce, ba irin tamu ba da mai gida zai ce wa baƙo ya ƙara kwana. Kifi ne ke fitar da Musulmi kunya a nan, sabo ne kuma ba ya buƙatar tambaya. Idan ka buɗe famfo ka cika kofi, wani kaso na abin da ke ciki daga tekun da kake jin rurinsa ya fito.

Matatar tana Wlotzkasbaken, kimanin kilomita 30 arewa da gari. Ƙauyen kansa abin kallo ne: gidajen hutu masu fenti kala-kala a warwatse cikin fili, kowane gida da tankinsa a kan doguwar hasumiya, shaidar wurin da aka saba kawo wa ruwa a mota. Areva ta buɗe matatar a 2010 domin mahaƙarta ta Trekkopje, da ƙarfin tace kubik mita miliyan 20 a shekara. Ana janyo ruwan daga cikin teku ta bututu, a fara tsame ciyayi da ƙananan halittu da laka, sannan manyan injuna su matsa shi da ƙarfin gaske ta cikin dubban matatai da aka naɗe a dogayen bututu farare. Ƙofofin matacin sun yi ƙanƙantar da ruwa ke wucewa gishiri ya tsaya. Kowace lita ta teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, kuma ƙasa da rabin abin da aka janyo ne ke fita a matsayin ruwan daɗi, sauran ya koma teku da gishiri ninki. Wanda ya fita ɗin ma ya yi tsarkin da sai an bi da shi ta kan farar ƙasa ya ɗan samu ma'adini kafin ya dace da ciki da bututu. Sai ga ikon Allah: bayan hatsarin Fukushima a 2011 farashi ya karye, aka dakatar da Trekkopje tun ba ta kankama ba, matata ta rasa mai sha. Daga 2013 aka fara sayar da ruwanta ga hukumar ruwa ta ƙasa, NamWater, wadda ke rarraba shi ga sauran mahaƙun da garuruwa. Ramin da aka gina ta dominsa yana kwance, ita kuwa ta zama abin da yankin ke rayuwa a kai.

Masu suka na farko sun ce ruwan teku ya yi tsada, kuma gaskiya suka faɗa. Kowace kubik mita tana cin wutar lantarki wajen kilowat uku zuwa huɗu na awa guda, ban da kuɗin turo ta kan tudu kilomita sittin ko fiye, a ƙasar da ke sayo fiye da rabin wutarta daga maƙwabta. Rössing da kanta ta yi ta kukan farashin har ta nemi izinin gina tata matatar. Amma a tambaya: ruwan rijiyar da aka ce mai araha ne, wa ke biyan ragowar kuɗinsa? Makiyayin da rijiyarsa ta ƙafe ne, da garin da zai wayi gari babu abin sha bayan kamfani ya naɗe tabarmarsa. Tsadar ruwan teku ita ce ainihin kuɗin ruwa a hamada, wanda a da ake ɓoye shi a ɗora wa waɗanda ba su ci ribar ba. Idan yuraniyom zai haskaka biranen Sin da Turai, to kuɗin ruwansa ya shiga cikin farashin durom, mai kunna fitila a can ya biya. Mahaƙar da ba za ta ci riba ba sai da ruwan kyauta, dama can asara ce ake rufewa da dukiyar jama'a. Kuma tsadar tana da amfaninta, domin kamfanin da ke biyan kowace lita shi ne ke toshe yoyo, ya rufe tafki, ya sake juya ruwan da ya yi aiki da shi.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ban ga yadda za a kauce mata ba. Ruwan shan yanki guda ya rataya a kan matata ɗaya, mallakar kamfanin wata ƙasa. An daɗe ana cinikin gwamnati ta saye ta ba a daidaita ba. Tekun ma yana da nasa hali: lokaci-lokaci iskar farar wuta kan taso daga ƙasansa, ruwa ya canza launi, gari ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai, dole a kashe injuna don kada matatai su lalace, mahaƙu su rage aiki. Ga kuma ruwan gishirin da ake mayarwa, wanda ƙarfin igiyar wannan gaɓa ke tarwatsawa, amma yana bukatar sa ido a gaɓar da dubban mutane ke ci daga kamun kifi. Abin da ya fi damuna shi ne unguwar da ake kira DRC a bayan Swakopmund, inda dubban masu neman aiki suka kafa ɗakunan kwano da katako. A can mata da yara ne ke layi da jarkoki a famfon unguwa, sai an saka kuɗi a kati kafin ya zubo, ga bututun mahaƙa yana wucewa cike. Wannan duka bai rushe hujjar tace ruwan teku ba, ya dai nuna rabinta ne kawai aka cika. Kamfani ya kawo ruwansa, amma makulli bai zo hannun masu ƙasa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma da alama gwamnatin ta gane haka, tunda a 2024 ta amince a gina matata ta biyu da hukumar ruwanta a ciki.

Akwai kuma masu cewa duk wannan kwalliya ce, gara a bar yuraniyom a inda Allah ya ajiye shi. Suna da abin nunawa. Tsaunukan niƙaƙƙen dutse da ke bayan kowace mahaƙa za su ci gaba da fitar da tururi mai cutarwa shekaru dubbai, tsofaffin ma'aikata sun daɗe suna ƙorafi a kan lafiyarsu, wasu ramukan kuma a cikin gandun da aka keɓe na Namib-Naukluft suke, inda tsiron welwitschia ke rayuwa ɗaruruwan shekaru da ganye biyu tak. Matatar ruwa ba ta warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma ƙasar da rashin aikin yi ya yi wa matasanta katutu ba za ta rufe ramin da ke ciyar da dubban gidaje ba, kuma wanda ya ce ta rufe ba shi zai biya albashin ba. Tunda haƙar za a yi, tambayar da ta rage ita ce da wane sharaɗi. A cikin dukan ɓarnar da mahaƙa ke yi, ta ruwan ƙarƙashin ƙasa ce ke fara kashe gari, domin ana iya binne tarkace a rufe shi da laka da duwatsu, amma ba a iya mayar da ruwan da ya ɗauki dubban shekaru yana taruwa.

Zangon ƙarshe shi ne Walvis Bay, kilomita talatin da 'yan kai kudu da Swakopmund, a kan hanyar da tuddan yashi ke hagu teku ke dama. Afirka ta Kudu ba ta saki wannan tashar jiragen ruwa ba sai 1994, shekara huɗu bayan samun 'yancin kai. Nan duroman yuraniyom ke shiga jirgi a cikin kwantena, nan kuma ake sauke farar wuta da sauran kayan aikin mahaƙu. A kudancin garin akwai filayen da ake shanya ruwan teku a kwashe gishiri, tsibi-tsibi fari fat, kuma wani kaso nasa Nijeriya ake kai shi. Mai tsayawa a nan dole ya tuna cewa duroman Arlit, a tsawon shekarun da suka wuce, sai sun yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 a bayan tirela kafin su ga teku a Kwatano. Wannan ce suka ta ƙarshe, kuma ita ce za a fi ji a Yamai: Namibiya tana da teku a ƙofar raminta, Nijar ba ta da shi, don haka darasin bai shafe mu ba.

Ya shafe mu, har ya fi. Somair ta fara fitarwa a 1971, maƙwabciyarta mahaƙar Kominak a 1978, kuma dukansu daga ruwan Tarat suka sha, ruwan da ya taru a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da Sahara ke da damina, wanda kusan ba ya sabuntuwa. Rahoton da Greenpeace ta fitar a 2010 ya ce an zuƙe lita biliyan 270 a cikin shekara arba'in, kuma binciken da ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa ta yi tare da Aghirin'man ta Arlit ya nuna wasu rijiyoyin sha sun gurɓata, ko da yake kamfanin ya musanta cewa akwai haɗari. An rufe Kominak a Maris 2021, ta bar kimanin tan miliyan 20 na tarkace a gefen gari. Kamfani ɗaya ne ya kashe maƙudan kuɗi ya gina matata a Namib, ya kuma sha ruwan gado a Ayar, domin a can an nuna masa rijiyar ba za ta ɗauke shi ba, a nan kuwa ba a tsaya an ƙirga ba. Rashin teku ba ya hana a sa mita a kowace rijiyar kamfani a riƙa bayyana adadin ga jama'a. Ba ya hana a sa wa kowace kubik mita farashin da zai sa a ji zafinta, a tilasta sake juya ruwan aiki, a tace ruwa mai zartsi da irin wannan fasaha da hasken ranar da Agadas ta fi kowa, a keɓe ruwa mai kyau ga gari da dabbobi, a kuma ajiye kuɗin gyara tun ranar da aka fasa dutsen farko. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A Yuni 2024 gwamnatin Nijar ta karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren daga hannun Orano, a Yuni 2025 kuma ta mayar da Somair mallakar ƙasa. Duk yadda shari'ar da ke tsakaninta da Orano ta ƙare, abu ɗaya ya sauya: yanzu a Arlit mai haƙa da mai ba da izini gida ɗaya ne, babu sauran baƙon da za a ɗora wa laifi. Sababbin masu neman ramuka suna tafe, daga Kanada da Rasha da Sin da wasu wurare, kuma kowannensu zai zo da alkawarin kaso da haraji da ayyukan yi. Shawarata ga masu zama a teburin ciniki, da 'yan majalisar gari, da sarakunan Ayar da za a nemi albarkarsu, ita ce kafin a yi maganar kaso a fara da tambayoyi uku: daga ina za ku sha, lita nawa, kuma idan kun tafi rijiyar ta wa ce? Wanda ya kasa amsa su a rubuce, a gaban mutanen da za su ci gaba da zama a wurin bayan an kwashe injuna, bai cancanci a ba shi ko taki ɗaya na ƙasar ba.